Ranar da Na Kulle Ƙofar Benen Abbanku

Habibu, Zainab da Sadiya, wannan babin naku ne, kuma ina so ku karanta shi a zaune, ba a tsaye kuna latsa waya ba. Na gaji da jin labarina a bakin mutanen da ba sa nan aka yi. Habibu ya taɓa gaya min cewa wani mai adaidaita, da ya ji layin da zai sauke shi a Gyaɗi-Gyaɗi, sai ya juyo ya ce, au, layin matar nan da ta kulle ƙofa gobara na ci? Zainab kuwa ba ta taɓa tambayata ba, amma ni na haife ta, na san irin shirunta. To, ni ce matar. Da hannuna na kulle ƙofar, na ɗaure makullin a bakin zanena. Ga yadda abin ya kasance.

Sai na fara da Abbanku da katakonsa, don in ba ku san katakon ba, ba za ku gane komai ba. Kun san shi injiniyan gini ne, amma ba ku ga taurin kansa a kan itace ba, kuna makarantar kwana lokacin. Wani kwas aka tura shi ƙasar waje, ya dawo babu abin da ke bakinsa sai wani irin katako da ake haɗawa. Fallaye ne sirara, a shafa musu gam, a ɗora wannan kan wancan, a matse su da ƙarfe har su zama gungume ɗaya mai kaurin ƙirjin ƙato. A garin nan kowa ya san katakon rufi abin ɓoyewa ne, a buga masa kwano daga sama, a rufe shi da silin daga ƙasa. Shi kuwa da ya tashi ɗora ɗaki a saman gareji, sai ya ce gungumayensa ne za su ɗauki rufin, kuma a fili za su zauna kowa ya gan su. Shi da wani kafinta a Tarauni suka yi ta fama har damina ta wuce. Gam ɗin ma sai da ya sa aka kawo masa na musamman daga Legas, wanda ba ya saki in ya ji zafi. Da aka gama, ƙaninsa, Baffanku Sani, ya hau ya duba, ya sauko yana girgiza kai.

"Yaya, ka tara itacen girki a saman kanka, ka ce ɗaki ka gina?"

Ran Asabar sai ga Abbanku da guntaye biyu da suka rage, ɗaya mai gam ɗin Legas, ɗaya kuma na gwajin da suka fara yi da farin gam ɗin kafintoci. Ya ɗora su a kan bulo a tsakar gida, ya hura itace a ƙarƙashinsu. 'Yan kallonsa biyu ne kacal, ni da Ladi.

Kun san Ladi, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, matar Alhaji Mudi mai shagon atamfa. Abin da ba ku sani ba shi ne ba ni da 'yar'uwa a Kano sai ita. Amarya aka kawo ni daga Katsina ban san kowa ba, ita ta leƙo ta katanga ta ce, ke baƙuwa, miyar taki na ƙauri. Daga baya mazanmu suka gaji da ganinmu muna zagaye da mayafi, suka fasa katangar aka sa wata 'yar ƙofa. Ta ƙofar nan kuka yi rarrafe. In ina aikin kwana a asibiti, ita ke yi muku wanka. Bakinta ba ya shiru, ni ma nawa haka, muna iya faɗa da hantsi mu ci tuwo kwano ɗaya da azahar.

To, ranar muna tsaye wuta ta lashe guntayen nan har suka yi baƙi ƙirin. Sai Abbanku ya janye itacen da ke ƙarƙashi, ya ce mu zuba ido. Mai farin gam ɗin, ana haka sai fallensa na ƙasa ya ɓare ya faɗo, sabon katako ya bayyana, wuta ta sake tashi kamar an zuba mata kananzir. Ɗayan kuwa harshen wutar ya yi ta kai-komo a jikinsa, yana raguwa, yana raguwa, har ya mutu ba wanda ya ɗiga masa ruwa. Ya sa zarto ya yanka shi biyu. Wallahi cikin fes, kamar yanzu aka kawo shi daga kasuwa.

"Binta, duba nan," in ji shi. "Katako mai kauri ba ya ci shi kaɗai, sai da mai zuga shi. Gawayin nan da ya yi a jikinsa shi ne rigarsa, shi ke tare zafi. In kayan da ke ci a ɗaki suka ƙare, shi ma zai haƙura. Abu biyu ne ke ɓata shi: gam ya saki, ko mutum ya kankare masa rigar."

Ladi ta riƙe haɓa ta ce, "To Injiniya, in an yi gobara sai mu jawo kujeru mu zauna kallo ke nan?"

Muka yi ta dariya har da shi.

Allah ya yi masa rasuwa bayan na bar aiki ba da daɗewa ba. Kuka zo, kuka yi kwanakin zaman makoki, kowa ya koma inda ya fito: Habibu Legas, Zainab gidan mijinta a Kaduna, Sadiya karatu a Zariya. Ba laifinku ba ne, haka rayuwa take. Ladi ce ta yi takabar nan tare da ni. A lokacin an riga an kawo mata mahaifiyarta daga ƙauye, Inna, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Safe da yamma ina bi ta 'yar ƙofar nan in juya ta, in wanke mata gyambon kwanciya, in sa magani. Aikina ne, shekaruna da yawa na yi a sashen masu ƙuna, hannuna ya saba da fata. Benen kuwa na bar shi yadda ya bar shi, da littattafansa, da kujerun kushin, da labule, da katifar da yake miƙewa a kai. Ina hawa in share, in zauna kaɗan, in sauko.

Da bazara ne abin ya faru, bayan la'asar, ban daɗe da fita takaba ba. Ina ɗakin Inna ina naɗa mata bandeji sai na ji ƙaurin soso. Wanda ya yi aiki inda na yi ba ya manta wannan warin. Na fito da gudu, na ɗaga kai, sai ga hayaƙi baƙi yana fita ta tagar benen. Daga baya aka ce wani tsohon soket ne a bayan kujera. Na kashe babban makunnin lantarki, kafin in juyo gilasan tagogin sun fara fashewa. Innalillahi! Ban san lokacin da na ƙwala ihu ba.

Zan yi wa mutanen unguwarmu adalci. Ba a roƙonsu. Kafin ka ce me, gidan ya cika: masu shaguna, ɗaliban asibiti da ke haya a bayanmu, masu adaidaita da suka bar fasinja a titi, 'yan ga-ruwa suna turo kura ba wanda ya ce a biya su. Famfo babu ko ɗigo. An kira 'yan kwana-kwana, amma layin ya riga ya toshe da jama'a. Kun kuwa san abin da ake yi in wuta ta kama rufi a unguwa irin tamu, inda gida ke manne da gida. Samari su hau sama, su yaye kwano, su sassare katakon da gatari, rufin ya rufta ciki don kada wutar ta tsallaka maƙwabta. Haka aka saba, kuma da siraran katakon da kowa ke rufi da su, sau da yawa yana yi. Sai na hango Alhaji Mudi ya shigo da gatari a hannu, samari na biye da shi, sun nufi matakalar benen. Matakalar a waje take, da ƙofar ƙarfe a gindinta. Na riga su isa, na ja ta, na datse kwaɗo.

"Sista, mene ne haka? Buɗe!"

"Alhaji, ba mai hawa. Ku kwashe ruwan nan ku zuba a bangonku da kwanonku, ku jiƙa su sharkaf. Wannan ku bar shi, zai mutu."

"Zai mutu? Wuta ce fa! Kin haukace ne?"

Ku ji abin da ke raina a lokacin, don a nan ne ake yi min ƙarya. Na san in suka yaye kwanon sun buɗe wa wutar baki, za ta yi sama, tartsatsinta ya zuba a kan gidan Ladi. Na san gungumen nan ba ya yankuwa da sara biyu, za su yi ta kankare gawayin suna ba wutar sabon katako, suna tsaye a kan abin da suke sarewa. Na yi jinyar samarin da suka rufta cikin wuta daga rufi, na san yadda suke kiran uwayensu in ana wanke su. Wannan gaskiya ne. Wata gaskiyar kuma, ba na so a sa gatari a aikin hannun mijina. Duka biyun suna cikin ƙirjina, kuma har yau ba zan iya raba muku su ba.

Wani ya kawo tsani. Kafin su ɗaga shi na je na zauna a kansa daram. Haba, sai wurin ya hargitse! Ana zagi, ana salati, wani na cewa a ɗauke ta mana. Amma wa zai taɓa? Tsohuwa ce, Hajiya, matar mamaci, a cikin gidanta. Duk ƙartin nan suka tsaya suna huci, babu wanda hannunsa ya iya kaiwa jikina. Na san haka tun kafin in zauna.

Sai ga Ladi ta ɓullo ta 'yar ƙofar, ko ɗankwali babu. Ɗakin Inna yana daidai ƙarƙashin bangon benen ta ɓangarensu, hayaƙi ya fara sauka a tsakar gidansu. Ta durƙusa a gabana, ta kama ƙafata.

"Binta, don Allah, don Annabi. Inna fa! Ki bar su su hau."

"Ladi, ke ma kina nan ranar da ya gwada. Kin gani da idonki."

"Guntu na gani a kan bulo! Wannan uwata ce!"

"A fito da ita. A fito da ita yanzu, a jiƙa bangon."

Ta kalle ni, ta saki ƙafata, ta tashi. Haka aka fito da Inna a kan katifarta, maza baƙi huɗu ko biyar suna riƙe da gefe-gefe, aka ajiye ta a bakin titi cikin rana da hayaƙi. Zanenta ya zame a hanya. Matar da tun tana amarya namijin da ba muharraminta ba bai ga ko gashin kanta ba, ga ta kwance jama'a na tsallake ta da bokiti. Ba ta iya magana, ba ta iya jan zanen. Wata ɗaliba ce ta cire hijabinta ta rufe ta. Ban gani ba, ina kan tsani. Daga baya aka ba ni labari, kuma aka tabbatar na ji shi dalla-dalla.

Ni dai idona na kan tagar. Wutar na gurnani, ina hango gungumayen ta cikinta sun kama daga wannan bango zuwa wancan. Ba abin da nake jira sai in ga falle ya ɓare. Can sai wani abu ya faɗo ciki da ƙara, wuta ta yi tsalle, na ce shi ke nan, gam ya saki, na kashe mutane. Ashe kantar littattafai ce. Wallahi a wannan lokacin na ji tsoron da ban taɓa ji ba, kuma babu mutum ɗaya a cikin taron nan da zan iya kalla ya kalle ni da rahama. Sannu a hankali gurnanin ya ragu. Kushin ya ƙare, katifa ta ƙare, littattafai suka zama toka. Ya rage 'yan harsuna a jikin gungumayen suna kai-komo, wannan ya mutu, wancan ya mutu. Kafin a kira magariba babu sauran harshe ko ɗaya, rufin na nan a inda yake. Da 'yan kwana-kwana suka samu hanya suka shigo, na buɗe musu ƙofar da kaina, suka feshe ko'ina. Babbansu ya ce in riƙa taɓa wuraren da katakon ya shiga bango, don wuta na ɓuya a nan tana ci ba hayaniya. Gaskiyarsa kuwa, washegari na sami kan gungume ɗaya da zafi, na yi ta ɗura masa ruwa da buta har ya huce. Gidan Ladi ko fenti bai ƙone ba. Babu wanda ya ji ciwo.

Na zaci shi ke nan. Kai, Binta, da wauta!

Kun san yadda ake jajen gobara. Mata su cika gida, wannan ta kawo zane, waccan ta kawo kwanon abinci, a yi ta Allah ya mayar da alheri. Ni na shimfiɗa tabarmi, suka wuni babu kowa a kansu. 'Yan kaɗan da suka zo daga bakin ƙofa suka tsaya, suka ce Allah ya kiyaye gaba, suka juya. A wurinsu mutane sun bar sana'arsu sun zo taimakona, na wulaƙanta su a bainar jama'a, na zaɓi katakon mamaci a kan rayayyu. Washegarin gobarar da safe na ɗauki kayan wankin ciwo na nufi 'yar ƙofar, na tura, na ji ta a sakace ta ɓangarensu. Na sa mayafi na zagaya ta titi, abin da na manta rabon da in yi. Ladi ta tare ni a soro.

"Hajiya, sannu da zuwa. Mun samu mai zuwa duba ta, kada ki wahalar da kanki."

Hajiya. Tun da muke ba ta taɓa kirana haka ba sai in tana tsokanata.

Inna ta kama tari, ƙirjinta ya cushe, ta rasu kafin babbar salla. Za ku tambaya ko hayaƙin ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba zan yi muku ƙarya ba: jikinta ya daɗe yana ƙarewa, amma hayaƙin nan da ranar nan ba su taimake ta ba. Na je ta'aziyya, aka nuna min tabarma a bakin ƙofa tare da matan da ba su san sunan mamaciyar ba. Matar da na san kowane tabo a bayanta, ban samu ko ganin gawarta ba. Baffanku Sani ya zo ya ce in rushe benen, in je in ce na yi kuskure, a wuce wurin. Na je. Na je ba sau ɗaya ba. Na ce Ladi ki yi haƙuri da abin da ya sami Inna, wallahi yana ci min rai. Ta ce ba komai, Allah ya yafe mana. Amma na san kalmar da take jira, ni kuwa bakina ya ƙi furta ta, don ba zan ce ƙarya a kan abin da na gani da idona ba. Wata rana ina cin abincin rana sai na ji ana kwaɓa siminti a bayan katanga. Na ajiye cokali, na zauna ina jin magini yana jera bulo a 'yar ƙofar nan har ya gama. Shekara ba ta zagayo ba suka sayar da gidan suka koma Darmanawa.

Benen kuwa kafintan nan na Tarauni ya zo ya kankare gawayin, bai fi kaurin yatsu biyu ba, aka ƙarfafa inda ya kamata, aka sake kwano. Abokan aikin Abbanku suka zo da ɗalibansu, suka ƙwanƙwasa, suka ɗauki hoto, suka ce ikon Allah, suka sha lemo suka tafi. Ni aka bari da gidan. Azumi ya zo babu mai miƙo min kunu, ni ma in na dama ban san inda zan kai ba. In an yi haihuwa a layin sai dai in ji guɗa. 'Yan hayar da suka shiga gidan Ladi mutanen kirki ne, muna gaisawa, ban san sunan 'ya'yansu ba. In kun kira ni kuna cewa Umma ya gida, ina cewa lafiya lau. Ba lafiya lau ba ne, kaɗaici ne, kuma yau na faɗa.

Bara na je asibiti ganin likitan hawan jini. Ina kan benci ina jiran layi sai wata yarinya ta jawo wata tsohuwa ta zaunar da ita kusa da ni. Ta rame, ciwon suga ya cinye mata ido. Na kalli hannunta, na gane ta. Na ce sannu, ya jiki. Ta karkato kai.

"Binta ce?"

"Ni ce, Ladi."

Muka gaisa. Ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya, har da sunan wasan da take kiran Sadiya. Ta ce Alhaji ya rasu, na ce ban ji ba, Allah ya jiƙansa. Na kamo hannunta, ba ta janye ba. Sai ta tambaye ni.

"Benen na nan?"

"Yana nan."

"Binta, in tambaye ki. Da a ce yau aka sake, ga ni durƙushe a gabanki, ga Inna a ɗaki, za ki buɗe?"

Wallahi na so in ce e. Kalma ɗaya ce, babu mai kama ni, Inna ta daɗe a ƙasa, mu ma mun kusa. Na kalli idanun nan da ba sa ganina.

"Ba zan buɗe ba, Ladi."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta ɗan matse min yatsu.

"Na sani," ta ce. "Shi ya sa ban dawo ba."

Aka kira sunanta. Yarinyar nan, jikarta, ta ɗaga ta, suka shiga. Da aka kira ni na shiga wani ɗakin, na fito na duba bencin, na duba wajen karɓar magani, na tsaya a bakin ƙofar asibitin har rana ta take. Sannan na tari adaidaita na ce masa Gyaɗi-Gyaɗi, mutum ɗaya.